Mahaucin da Aka Hana wa Gishiri

Da sunan Allah, wanda ciwo nasa ne, sauƙi ma nasa ne. Sunana Uwani, 'yar Abdu mahauci ta cikin Birnin Damagaram. Abin da ya sa nake ba da labarin jinyar babana shi ne har yanzu ina jin mutane suna yi wa mai kumburi barka da ƙiba. Mu ma haka muka yi wa namu, muna dariya, har ciwo ya ci ƙarfinsa.

A lokacin Nasara ba su daɗe da kafa barikinsu ba, Baba kuma yana cikin mahautan da ke kai wa sojojinsu nama. Tun ina yarinya ƙato na san shi. In zai shiga zaure sai ya karkace. Da safe romon kai da ƙafa, da rana tsire mai kitse, da yamma tuwo yana ninƙaya cikin man shanu, ga ɗan ƙoƙon gishirin Manga kullum a gefensa yana dangwala. Mahaifiyata ta riga ta rasu. Ni kuma mijina ya tafi fatauci Kano, zazzaɓi ya kashe shi a hanya, da na fita takaba na dawo gida, tukunyar Baba ta dawo hannuna. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

Da bazara abin ya fara. Takalminsa ya ƙi shiga, aka ce dukanci ne ya lalace. Zoben azurfarsa ya nutse cikin yatsa, sai da maƙeri ya yanke shi. In ya hau tudun bariki sai ya tsaya ya dafa dutse yana haki. A sujada ba ya iya daɗewa. Amma a kasuwa abin da ake ce masa shi ne, "Abdu, cinikin Nasara ya karɓe ka!" Shi kuma ya shafa ciki ya ce alhamdu lillahi. Ni da nake wanke masa riguna na ga wuyansu yana matse shi, na saki ɗinki, ban yi tunanin komai ba.

Wata safiya yana taya yaransa kayar da sa a mahauta, sai shi ya faɗi. A kan ƙyauren ƙofa aka kawo shi gida, leɓɓansa sun yi baƙi, ƙanena Sani yana biye yana salati.

Makon farko na yayar Baba ne, Goggo Abu. Ita ta goye shi yana jariri, ba ta kuma taɓa yarda ya girma ba. Ta zo da tabarmarta ta ce ba inda za ta je. Ta kira wanzami ya yi ƙaho a baya, ya tsattsaga ƙafafu don mugun jini ya fita. Jini bai fita ba, ruwa ne ya yi ta tsiyaya, fari kamar na rijiya, tsagar kuma ta ƙi rufewa. Aka karɓo rubutu, ya sha. Wata maƙwabciya ta ce sammu ne na abokan sana'a, aka tona bakin zaure ba a sami komai ba. Wani Bakano mai sayen fatu, abokin Baba, ya ce a garinsu man shanu mai ɗumi ake ba mai haki. Aka ba shi. Goggo kuma kullum sai ta dama kunu da kanwar ungurnu mai yawa, ta ce shi ke wanke ciki, ta bi shi da romon rago don ƙarfi. Tunkiyarmu ta tafi wajen wanzami da masu magani, 'yarta ta shiga tukunya.

Kafin Jumma'a ta sake zagayowa Baba ya kasa kwanciya. In ya miƙe sai ya ce ana danne masa ƙirji da turmi. Muka jingina shi da buhun gero, a zaune yake barci, a zaune yake salla. Cikinsa ya yi tsini yana ƙyalli.

Mutumin da ke karɓar nama a bariki ne ya ce wa Sani a kawo shi wurin lokotoro, wato likitan sojojin Nasara, tunda yana duba mutanen gari in ya gama da nasa. Goggo ta buga ƙirji.

"A kai shi ina? Wurin masu farke mutum da ransa? Sai dai in na mutu!"

Baba ya ɗago kai da ƙyar ya ce, "Yaya, shekara nawa ina yankan na wasu. In yau ni za a yanka, ai ba a zalunce ni ba. Sani, nemo abin hawa."

Jaki ya kasa ɗaukarsa. Takarkari muka aro, wato san dako, muka ɗora shi, Sani na jan akala, ni ina riƙe da ƙafar da ke tsiyaya.

Wanda bai taɓa jira a ƙofar likitan nan ba ba zai gane ba. Sojoji ake fara gani, sai matansu, sai masu gadi, sannan mu. Ga masu kurkunu da aka kwaso daga aikin dole, ga masu gyambo, ga mata da jarirai masu ciwon ido, duk muna bin inuwar bango tana gudu muna matsawa. Ranar farko rana ta take, aka rufe taga, aka ce gobe. Muka koma da shi a kan takarkari. Washegari tun da asuba muka kama wuri.

Lokotoron yaro ne, rana ta gasa masa wuya ya yi ja. Bai gaishe da Baba ba, bai dubi fuskarsa ba. Ya danna babban yatsa a ƙwaurinsa ya ɗaga, sai rami ya zauna kamar an danna ƙullu. Ya kara wani ɗan bututu a ƙirji ya saurara. Ya sa tafinta ya tambaye shi yawan fitsarinsa, a gaban jama'a, a gabana. Sannan ya sa aka kai shi ma'aunin da ake auna buhunan hatsi da naman sojoji. A kan ma'aunin nan Baba ya sha ɗora cinyar sa. Ran nan kuwa shi aka ɗora, masu gadi suna ƙunshe dariya. Na ga ya rufe ido.

Tafintan mutumin yamma ne, Hausarsa a karye, amma na gane. Ya ce wannan jiki rabi kitse ne, rabi ruwa, zuciya ta gaji da dako. In ana so ya rayu sai an rage kayan. Lokotoro ya buga tebur da yatsa yana cewa, "Pa da sal! Pa da sal!" Tafinta ya ce, ba gishiri. Ya tambaya wa ke dafa masa abinci, na ce ni. Ya juyo gare ni ya yi ta lissafawa: ba gishiri, ba kanwa, ba daddawa, ba kitse, ba man shanu, ba nama. Ganye a dafa da ruwa, tuwo kamar dunƙulen hannu, madara in an samu. Ya ba ni wata 'yar kwalba da za a riƙa ɗiga masa a ruwa da safe, ya ce in na wuce abin da aka nuna mini zan kashe shi da hannuna.

A hanya Baba ya ce, "Uwata, me ya rage ke nan?"

Na ce, "Ganye, Baba."

"To, na zama akuya."

Miyar farko da na yi, ni kaina na ji kunyarta. Busasshen zogale na zuba a ruwa na tafasa. Ya ɗanɗana ya ture akushin da bayan hannu. "Wankin ganye kika kawo mini?" Ya wuni bai ci komai ba. Da yamma na zo na zauna gabansa da akushi biyu, na ce daga yau abin da ya ci shi zan ci, in bai ci ba ni ma na haƙura. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ja nasa ya sha, yana yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci.

Daga nan na shiga koyon abin da ba wanda ya koya mini. Na gane kabewa ce uwar miyar: in ta dahu ta narke sai ta ba ruwan kauri, har ido ya ɗauka akwai mai. Albasa in an binne ta cikin garwashi ta gasu kafin a daka, tana kawo zaƙi da ƙamshi. Yakuwa ko ɗan ruwan tsamiya suna ruɗin harshe, ya manta abin da ya rasa na ɗan lokaci. Citta, masoro, tafarnuwa, barkono kaɗan don kada tari ya taso. Gauta in yana son ɗaci. Zogale a ƙarshe, a rufe, a sauke. Ba zan ce tana da daɗi ba. Ana dai iya haɗiye ta.

Wahalar ita ce bazara ce, ɗanyen ganye a Damagaram ya fi nama wuya. Abin da mutanen ƙauyen Droum ke kawowa ranar kasuwa kafin hantsi ya ƙare. Mundayena suka tafi, tasoshin aurena suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya saka wa Kawu Isa, ƙanen mahaifiyata Hadiza, mai garka, wato lambu, a bakin tabkin Gidimuni. Da labari ya kai masa sai ga shi da jaki, kabewa da albasa da gauta a mangala, ganye a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, rabi ya yi yaushi a hanya. Bai karɓi ko allura ba. Ya ce, "'Yar Hadiza, ke dai dafa. Muddin tabki bai ƙafe ba, zan zo." Haka ya riƙa yi, ya bar garkarsa ya yi wannan doguwar tafiya, ya kwana ɗaya ya juya.

Sai abin ya fara aiki. Baba ya yi ta fitsari har kaskon ya riƙa cika kafin a juya. Ƙafafu suka saki, fatar ta yi tamoji. Tsagar wanzami ta bushe. Ya kwanta a kan haƙarƙarinsa ya yi barci har da minshari, na tsaya a bakin ƙofa ina jin minsharin nan kamar ana mini bushara. Da muka koma bariki aka sake ɗora shi kan ma'auni, lokotoro ya duba, ya ɗaga gira, ya ce, "Bon," wato da kyau. Ya dubi fuskata, karo na farko, ya gyaɗa kai. Wannan mutum bai san darajar tsoho ba, ya bar mu a rana kamar awaki, amma ya faɗa mana gaskiya lokacin da duk masu ƙaunarmu suke faɗa mana abin da muke son ji. Ban san yadda ake gode wa irinsa ba, ban kuma san yadda ake yafe masa ba.

Damina ta sauka, ganye ya wadata, tafasa da rama da alayyafo har bayan gida. Lokacin nan ne mafi sauƙi a duk jinyar. Baba ya taka da ƙafarsa zuwa masallacin Jumma'a. To, a nan wata masifar ta fito. Mutanen da suka san shi ƙato suka ga riga tana lilo a jikinsa, fatar wuya ta zubo, suka dawo suna cewa Abdu ya ƙare. Magana ta zaga unguwa: 'yarsa ta ɗauki maganar Nasara tana kashe shi da yunwa. Mata a bakin rijiya in na iso sai su yi shiru. Wata ta ce da ƙarfi don in ji, ita ko kare ba za ta ba abinci ba gishiri ba.

Goggo ta same ni a madafa ina yanka kabewa.

"Ke Uwani, ba kya tsoron Allah? Mutumin da ya ciyar da unguwar nan da nama, shi kike ba abincin fursuna?"

"Goggo, ai kin ga yana tafiya da ƙafarsa."

"Na ga ƙasusuwa suna tafiya! In ya mutu a hannunki me za ki ce wa mutane? Me za ki ce wa uwarsa da kika ci sunanta?"

Ni ma tambayar tana cina. Goggo ta naɗe tabarmarta ta koma gidanta.

Sana'a kuma ta lalace. Sani bai da idon Baba wajen sayen dabba, sau biyu aka mayar masa da nama daga bariki, daga baya aka ba wani mahaucin. Zauren da ke cika da masu zuwa gaisuwa a lokacin da tukunya ke tafasa ya zama wurin kwanan kaji. Wannan ya fi miyar ci wa Baba rai. Wata rana iska ta kawo ƙamshin tsire daga bakin kasuwa, na ga ya ajiye ludayi, hawaye na bin gemunsa.

"Uwata, na ji sauƙi, ban musa ba. Amma wane ne wannan da ya ji sauƙin? Ni dai ban san shi ba."

Da kaka ta kusa, ruwan kwalbar ya ƙare. Muka je bariki aka ce lokotoro ya bi sojoji arewa, ba a san ranar dawowarsa ba. Wanda aka bari mai ɗaure gyambo ne kawai. Ya juya kwalbar a hannunsa ya ce irin wannan ba ya da ikon bayarwa, na sojoji ne. Na koma, na sake komawa, na kai wa tafinta kaza. Ya karɓi kazar, ya ce in yi haƙuri.

Ba a daɗe ba na ga idon sawun Baba ya fara cikowa da yamma. Ana cikin haka Babbar Salla ta zo. Mahauci ranar layya ba ya zama a gida. Ya ce zai je ya gaida Yaya, ya sa babbar riga, ya fita da sanda. Bai dawo ba sai bayan la'asar, gemunsa yana ƙyalli, yana tafe yana murmushi kamar yaro. Bai ɓoye mini ba.

"Na ci, Uwata. Hanta da kitse, da gishiri. Gida uku na shiga. Kada ki yi faɗa."

Ban yi faɗa ba. Rabona da ganin fuskarsa haka tun kafin ya faɗi. Kwanakin salla duka haka ya yi, ni kuma ina dafa miyata ina ci ni kaɗai.

Har yau ban san wanne ya kayar da shi ba, rashin ruwan kwalbar ko naman salla, ko kuwa zuciyar ce dama ta kai iyakarta. Abin da na sani, kumburin da ya ɗauki watanni yana sauka, cikin mako guda ya dawo, ya wuce na da. Wannan karon ba kitse a ƙarƙashinsa: fuska da kafaɗu ƙashi zalla, daga ƙirji zuwa ƙasa kamar salka. Ya koma jikin buhun gero. Tsofaffin tsagar suka buɗe. Na riƙa zuba yashi a ƙarƙashin ƙafafunsa ina kwashewa in ya jiƙe, zannuwana suka ƙare a tsumma. Ya koma wa miyar da kansa, ba wanda ya roƙe shi, amma ludayi biyu sai tari, tarin kuma da kumfa. Goggo ta dawo da tabarmarta. Ba ta yi mini magana ba, ni ma haka, muna juya shi tare, ita ta kama kafaɗa ni in kama ƙugu.

Ga abin da nake so mai ji ya riƙe. In naka ya fara cika, takalmi ya matse shi, yana haki a ɗan tudu, kada ka yi masa barka. Danna ƙwaurinsa. In rami ya zauna, ruwa ne. Kada a tsaga, kada a ba shi kanwa, a janye gishiri tun yana da ƙarfin jurewa, a nemi mai magani tun kafin a nemi takarkari. Kuma duk gidan su yarda da abu ɗaya, don mai jinya ɗaya ba ta iya tsare ƙofar gari.

Ana gobe zai rasu, da la'asar, na kawo akushi biyu kamar kullum. Ya dubi hannuna, ya kama tsintsiyar hannun da yatsu biyu, ya ga sun zagaye ta har da saura.

"Uwata, ya isa. Daga yau ki sa gishiri a naki."

"Sai mun sa tare, Baba."

"A'a. Ni na gama. Na yafe miki miyarki, ke ma ki yafe mini sallata."

Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Washegari da hantsi ya cika, a zaune, kansa a kafaɗar Sani, Goggo tana maimaita masa kalmar shahada. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ranar sadakar uku sai ga Kawu Isa a ƙofar gida da jakinsa, mangala cike da kabewa. Bai ji rasuwar ba. Ya ga tabarmi da mutane a zaure, ya tsaya riƙe da igiya, ya kasa sauke kayan, sai da Sani ya je ya kama shi. Gidan ba abin da ya rage da za a ciyar da masu gaisuwa, saboda haka kabewar nan na fasa, na ɗora babbar tukunya. Hankalina ba ya jikina, hannuna ne kawai ke aiki, ya kuwa yi abin da ya saba. Sai da aka kai wa maza, aka raba wa mata, na ga kowa yana ci a hankali, kai a sunkuye, sannan na tuna ban sa gishiri ba.

Na tashi zan ɗauko, Goggo ta riƙe mini zane. Ta sake kai loma bakinta, ta daɗe tana juya ta kafin ta haɗiye.

"Wannan ce?"

Na ce, "Ita ce, Goggo."

"Tun bazara?"

"Tun bazara."

"Ke ma?"

Ta dubi akushin, ta dube ni. Wata mata ta miƙo mata ƙoƙon gishiri daga baya, Goggo ta ture shi ba tare da ta waiwaya ba. Ta matsa mini wuri a kan tabarmarta, ta ja akushin tsakaninmu.

"Zauna," ta ce. "Ba zan iya cinye ta ni kaɗai ba."